TASHOSHIN TALABIJIN NA WASANNI MARASA TALLA: HANYOYIN SAMUN KUƊIN SHIGA DA JAWO 'YAN KALLO

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon talabijin ya san cewa akan katse shiri a tsakiyarsa domin a sanya tallar sabulu ko ta banki ko ta kamfanin waya. Da kuɗin irin waɗannan tallace-tallace ne yawancin gidajen talabijin masu zaman kansu suke biyan ma'aikata da sayen kayan aiki. To amma akwai wasu tashoshi, musamman a Amurka da Turai, waɗanda suke nuna wasanni ba tare da sun katse su da talla ba, ko kuma tallar da suke sanyawa ba ta taka kara ta karya ba. Tun da yake banza ba ta kai zomo kasuwa, ya kamata a tambaya: daga ina waɗannan tashoshi suke samun kuɗi, kuma me yake sa mutum ya biya su alhali ga tashoshin kyauta?

A wannan babi za a bayyana ma'anar irin waɗannan tashoshi da taƙaitaccen tarihinsu. Daga nan za a duba hanyoyin da kuɗi yake shigo musu, da inda yake tafiya, da dabarun da suke bi wajen jawo 'yan kallo, sannan a kawo matsalolin da suke fuskanta. Sanin wannan zai taimaka wa ɗalibi mai koyon aikin malanta, domin da yawa daga cikin yaran da zai koyar masu sha'awar kallon ƙwallo ne, kuma darasin da ya taɓo abin da yaro yake so ya fi saurin shiga kansa.

2.0 Ma'anar Tashar Wasanni Marar Talla

Ta fuskar samun kuɗi, ana iya kasa tashoshin talabijin gida uku. Kashi na farko su ne waɗanda gwamnati ko jama'a suke ɗaukar nauyinsu, kamar BBC a Birtaniya, wadda take dogaro da kuɗin lasisin da masu talabijin suke biya. Kashi na biyu su ne tashoshin kyauta masu dogaro da talla. Kashi na uku su ne tashoshin biya, wato waɗanda ake kulle hotonsu, ba mai iya gani sai wanda ya biya aka buɗe masa ta hanyar dikoda ko ta intanet.

Tashar wasanni marar talla tana cikin kashi na uku. Bambancinta da tashar kyauta yana ga wanda take ciniki da shi. Tashar kyauta tana tara 'yan kallo ne ta sayar da hankalinsu ga masu talla, don haka mai talla shi ne abokin cinikinta na haƙiƙa. Ita kuwa tashar biya shirin kansa take sayar wa mai kallo kai tsaye. Ana iya kwatanta ta da gidan dambe, inda kuɗin ƙofa ne yake biyan 'yan dambe da makaɗa da mai fili. Idan mutane ba su shigo ba, kowa ya tashi a tutar babu.

Ya kamata a lura cewa tashoshin biya ba duka ne suke ƙaurace wa talla gaba ɗaya ba. Wasu, kamar Sky Sports a Birtaniya da SuperSport a Afirka, sukan sanya talla kafin wasa da lokacin hutun rabin lokaci, amma kuɗin masu kallo shi ne ƙashin bayansu. Wasu kuma, kamar HBO a Amurka, ba sa katse shiri da tallar kasuwanci sam. Tun da yake tushen arziƙinsu ɗaya ne, za a kawo misalai daga ɓangarorin biyu.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tashar HBO ta fara aiki ranar 8 ga Nuwamba, 1972, da masu biya 365 kacal a garin Wilkes-Barre da ke jihar Pensilbaniya ta Amurka. A daren farko ta nuna fim ɗaya da wasan hoki na kan ƙanƙara. A shekarar 1975 ta yi amfani da tauraron ɗan'adam ta nuna damben Muhammad Ali da Joe Frazier kai tsaye daga birnin Manila na ƙasar Filifin. Wannan ya nuna wa kamfanonin kebul cewa tasha guda tana iya isa ko'ina a ƙasa a lokaci ɗaya, kuma mutane a shirye suke su biya don ganin wasan da ba za su samu a wani wuri ba.

A Faransa, tashar Canal+ ta buɗe ranar 4 ga Nuwamba, 1984, ta kuma dogara da finafinai da gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar. A Birtaniya kuwa, babban sauyi ya zo ne a shekarar 1992, lokacin da aka kafa gasar Firimiya ta Ingila, kamfanin BSkyB ya sami haƙƙin nuna wasanninta kai tsaye. Yarjejeniyar, wadda BBC ta shiga cikinta don nuna taƙaitattun wasanni, ta kai fam miliyan 304 na shekara 5. A shekarar 1996, Rupert Murdoch, wanda a wancan lokacin kamfaninsa ne yake da kaso mafi girma a BSkyB, ya kwatanta wasanni da gungumen da ake fasa ƙofa da shi, yana nufin da su ne talabijin ɗin biya zai kutsa gidajen jama'a.

4.0 Hanyoyin Samun Kuɗin Shiga

4.1 Kuɗin kallo na wata-wata

Wannan ita ce babbar hanya. Mai kallo yana biyan ƙayyadadden kuɗi kowane wata ko kowace kakar wasa. Idan wa'adi ya cika bai sabunta ba, sai a rufe masa. Amfanin wannan tsari shi ne tasha tana iya ƙiyasta abin da za ta samu a shekara, saɓanin kuɗin talla wanda yake hawa da sauka gwargwadon halin da kasuwa take ciki. Haka kuma, ƙaruwar mai kallo ɗaya ba ta ƙara wa tasha wani nauyi na a-zo-a-gani, domin hoton da aka aika wa mutum dubu shi ne zai isa ga mutum miliyan. Saboda haka da zarar tasha ta mayar da kuɗin da ta kashe, kusan duk abin da ya biyo baya riba ce.

4.2 Kaso daga kamfanonin rarraba tashoshi

Sau da yawa tasha ba ita take karɓar kuɗi daga hannun mai kallo ba. Kamfanin kebul ko na tauraron ɗan'adam shi ne dillali, shi yake da dikoda da ofisoshin karɓar kuɗi. Yakan haɗa tashoshi da dama a ƙunshi ɗaya ya sa masa farashi, sannan ya ba kowace tasha kasonta bisa yawan masu biya. Tashoshin wasanni masu tsada akan ware su a ƙunshi na musamman, wanda sai mutum ya ƙara kuɗi a kan na ƙunshin farko kafin ya same shi. Dillalin yana cin riba biyu: yana da kasonsa a kuɗin ƙunshin wasanni, kuma mai son ƙwallo ba ya saurin barin kamfanin ya koma wani.

4.3 Tsarin biya-ka-kalla

A wannan tsari mutum yana biyan kuɗin wasa guda ɗaya ne tak. An fi amfani da shi a damben zamani da kokawa, inda karo ɗaya yakan ɗauki hankalin duniya. Fitaccen misali shi ne damben Floyd Mayweather da Manny Pacquiao na ranar 2 ga Mayu, 2015, wanda HBO da Showtime suka haɗa gwiwa suka nuna. An saye shi kimanin sau miliyan 4.6 a Amurka a kan farashin da ya kama daga dala 90 zuwa 100, aka tara fiye da dala miliyan 400 a dare ɗaya. Sai dai irin wannan kuɗi ba na tasha ba ne ita kaɗai, akan raba shi tsakanin 'yan damben da masu shirya karon da kamfanonin rarrabawa.

4.4 Wuraren kallo na jama'a

Otal-otal da gidajen cin abinci da mashaya ba sa biyan kuɗi daidai da na mai kallo a gida, domin su suna amfani da wasan ne su jawo abokan ciniki. A Birtaniya, kuɗin da Sky take karɓa daga mashaya ya danganta da darajar da hukuma ta yi wa ginin wajen haraji, har ma akan sanya wata 'yar alama a gefen allo da take nuna cewa wurin ya biya kuɗin kasuwanci. Gidajen kallon ƙwallo da suka cika garuruwan Nijeriya da Nijar suna kan irin wannan turba: mai gidan kallo ya biya kuɗin tasha da na man janareta, shi kuma ya karɓi kuɗin ƙofa a hannun matasa. Ta haka kuɗin talakan da ba shi da dikoda yake isa ga tasha.

4.5 Sayar wa wasu tashoshi

Tashar da ta sayi haƙƙin gasa tana iya yankar wani ɓangare ta sayar wa wata, kamar taƙaitattun wasanni, ko wasu 'yan wasanni da ba za ta iya nunawa ba saboda sun zo a lokaci ɗaya. Wannan yana rage mata nauyin kuɗin da ta zuba.

5.0 Inda Kuɗin Yake Tafiya

Mafi yawan abin da tashar wasanni take kashewa yana tafiya ne wajen sayen haƙƙin nuna wasa. Masu shirya gasa sukan yi gwanjon wannan haƙƙi duk bayan shekara 3 ko 4, wanda ya fi tayi mai tsoka shi yake ɗauka. Farashin ya yi tashin gwauron zabo. Haƙƙin gasar Firimiya a cikin Birtaniya, wanda aka sayar fam miliyan 304 a 1992, ya kai fam biliyan 5.136 a gwanjon 2015 na shekara 3, sannan a Disambar 2023 aka sanar da yarjejeniyar kimanin fam biliyan 6.7 ta shekara 4.

Abin lura a nan shi ne, tasha tana ɗaukar alkawarin biyan wannan kuɗi tun kafin ta san yawan mutanen da za su biya ta. Bari mu yi ɗan lissafi na misali. Mu ƙaddara wata tasha tana kashe dala miliyan 120 a shekara, tana kuma karɓar dala 10 a wata daga kowane mai kallo, amma rabin kuɗin na dillali ne. Ke nan dala 60 take samu a shekara daga mutum ɗaya. Tana buƙatar mutum miliyan 2 kafin ta mayar da uwar kuɗinta. Idan ta sami miliyan 2 da rabi, ta ci ribar dala miliyan 30. Idan kuwa ta tsaya a miliyan 1 da rabi, ta yi asarar dala miliyan 30, kuma masu gasa ba za su rage mata ko anini ba.

Labarin kamfanin Setanta ya tabbatar da wannan lissafi. Wasu mutane biyu 'yan ƙasar Ailan ne suka kafa shi a 1990, lokacin da suka kama wani zaure a yammacin Landan suka nuna wa 'yan ƙasarsu wasan Ailan da Holan na gasar cin kofin duniya, suka karɓi kuɗin ƙofa. A 2006, bayan hukumar Tarayyar Turai ta matsa a daina sayar wa kamfani ɗaya dukkan wasannin Firimiya, Setanta ta sayi wasa 46 a kowace kaka na shekara 3 a kan fam miliyan 392, wato kimanin fam miliyan 2.8 kowane wasa. Masu biyanta sun tsaya a wajen miliyan 1.2, adadin da bai isa ya riƙe ta ba. A watan Yunin 2009 ta kasa biyan kason da ya hau kanta, aka ƙwace haƙƙin aka sayar wa ESPN, reshenta na Birtaniya ya durƙushe. A Nijeriya ma an ga makamancin haka: kamfanin HiTV ya sami haƙƙin nuna wasannin Firimiya a 2007, haƙƙin ya suɓuce masa a 2010, ba a daɗe ba ya rufe. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

6.0 Dabarun Jawo 'Yan Kallo

Dabara ta farko, wadda ta fi kowace ƙarfi, ita ce keɓancewa, wato tasha ta mallaki abin da ba a samu a wani wuri. Wasa ya bambanta da fim domin darajarsa tana ga lokacin da ake yin sa. Fim yana iya jira har shekara, amma wasan da aka riga aka ji sakamakonsa ya zama tuwon jiya. Ga shi kuma mai goyon bayan wata ƙungiya ba ya musanya ta da wata don kawai ta fi araha.

Ta biyu ita ce rashin tallar kansa, wanda ya zama haja. Wannan ya fi tasiri a Amurka, domin ƙwallon ƙafa irin tasu, mai kama da zari-ruga, minti 60 ce a agogon wasa, amma takan ci kimanin awa 3 saboda yawan tsayawa, kuma sau da yawa akan sanya talla a lokacin tsayawar. A 2009 hukumar gasar, wato NFL, ta buɗe tasha mai suna NFL RedZone. Kowace Lahadi a lokacin kakar wasa, mai gabatarwa Scott Hanson yakan yi awa 7 yana tsallakawa daga wannan fili zuwa wancan, yana kai mai kallo duk inda wata ƙungiya ta shiga yadi 20 na ƙarshe tana dab da cin maki. Da zarar wani wasa ya tafi hutun talla, sai a koma wani. Alkawarin awa 7 ba talla shi ne taken da tashar ta yi suna da shi. Ƙwallon ƙafa da muka sani kuwa ana yin minti 45 ba tsayawa, don haka gurbin talla a cikinta kaɗan ne tun asali, abin da ya sa ta fi dacewa da tashar biya.

Ta uku ita ce ɗanɗano. Canal+ ta daɗe tana buɗe wasu sa'o'i na yini kyauta domin wanda bai biya ba ya ga irin abin da yake wuce shi. Wasu kamfanoni sukan buɗe tasha kyauta a makon farko na kakar wasa, ko su karya farashin dikoda, da sanin cewa za su fanshe a kuɗin wata-wata.

Ta huɗu ita ce ingancin aiki: yawan kyamarori, da maimaita hoto a hankali, da gayyato tsofaffin 'yan wasa su yi sharhi, da gabatar da sharhin cikin harshen da mai kallo ya fi ji. Ta biyar kuma ita ce cike giɓin shekara. Gasar ƙwallo takan tafi hutu na wata 2 zuwa 3, a lokacin ne mutane suke daina biya. Don haka tasha takan sayi wasanni daban-daban, kamar tanis da tseren motoci da dambe, domin kada wata ya zo ba abin kallo. Riƙe tsohon mai biya ya fi neman sabo sauƙi da araha.

7.0 Matsalolin da Suke Fuskanta

Matsala ta farko ita ce satar hoto. Daga 2017 zuwa 2019 wata haramtacciyar tasha mai suna beoutQ ta yi ta kwafar shirye-shiryen beIN Sports ta ƙasar Katar tana watsawa a Gabas ta Tsakiya. A yau kuma shafukan intanet masu nuna wasa ba izini sun yawaita. Tashar kyauta ba ta cika cutuwa da wannan ba, amma ga tashar biya, duk wanda ya kalla ta ɓarauniyar hanya kuɗi ne ya zube.

Ta biyu ita ce sauyin ɗabi'ar masu kallo. Miliyoyin gidaje a Amurka sun yanke kebul sun koma kallo ta intanet, manyan kamfanoni irin su Amazon da YouTube da Apple kuma sun shigo gwanjon wasanni da jari mai yawa. Haka kuma abin da yake jan mutane jiya ba lallai ne ya ja su yau ba. A 2018 HBO ta daina nuna dambe bayan shekara 45, ta ce bincikenta ya nuna dambe ya daina zama dalilin da yake sa mutane su biya ta.

Ta uku ita ce kwaɗayin kuɗin talla. Tashar da ta tara miliyoyin masu kallo, waɗanda kuma aka san suna da abin hannunsu, ita ce masu talla suka fi so. A Disambar 2024 NFL RedZone ta gwada sanya talla, sannan daga kakar 2025 ta mayar da abin ka'ida, inda ta fara da 'yan gajerun tallace-tallace na daƙiƙa 15 da ake nunawa a gefe ɗaya na allo yayin da wasa yake ci gaba a ɗaya gefen. Masu kallo da yawa sun yi ƙorafi, domin a ganinsu an karɓi kuɗinsu a kan alkawari sannan aka saɓa. Tun daga lokacin aka cire batun rashin talla daga taken shirin.

Akwai kuma batun adalci ga jama'a. Idan duk manyan wasanni suka koma bayan ƙofar biya, marar hali ya rasa. Wannan ne ya sa dokar Birtaniya ta ware wasu wasanni, kamar gasar cin kofin duniya da wasan ƙarshe na kofin FA da gasar Olamfik, ta tanadi cewa a ba tashoshin kyauta damar nuna su.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa tashar wasanni marar talla tana rayuwa ne da kuɗin mai kallo, ko ya biya wata-wata, ko ta hannun dillali, ko a kan wasa guda, ko a ƙofar gidan kallo. An kuma ga cewa mafi yawan kuɗin yana ƙarewa ne a sayen haƙƙin nuna wasa, wanda ake ɗaukar alkawarinsa tun kafin a san yawan masu biya. Idan tasha ta kasa tara mutane, sai ta bi sahun Setanta da HiTV. Idan kuwa ta tara su da yawa, sai masu talla su yi ta ƙwanƙwasa ƙofarta, kamar yadda ya faru ga NFL RedZone. Don haka rashin talla alkawari ne na kasuwanci, yana ɗorewa ne muddin kuɗin masu kallo ya wadatar da masu tashar. Malami zai iya amfani da wannan batu a darasin auna fahimta ko na muhawara ko na ƙirƙirar sababbin kalmomi, ya kuma koya wa ɗalibansa su riƙa tambayar wanda yake biyan kuɗin duk abin da suke kallo.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin tashar kyauta da tashar biya ta fuskar abokin ciniki.
2. Kawo hanyoyi huɗu da tashar wasanni marar talla take samun kuɗi, tare da misali ga kowace.
3. Wata tasha tana kashe dala miliyan 90 a shekara, tana samun dala 45 daga kowane mai kallo. Mutum nawa take buƙata kafin ta mayar da kuɗinta?
4. Me ya sa rashin talla ya fi daraja ga mai kallon ƙwallon Amurka a kan mai kallon ƙwallon ƙafa?
5. Ziyarci wani gidan kallon ƙwallo a unguwarku, ka rubuta rahoto na shafi ɗaya a kan abin da mai gidan yake kashewa da yadda yake mayar da kuɗinsa.